Daga garken wata tsohuwa zuwa ofishin Paris: yadda muka bi rahoton zazzaɓin aladu

Ni likitan dabbobi ne, kuma aikina yana sashen sa ido kan cututtuka na gwamnati. Cutar da zan yi magana a kanta ita ce zazzaɓin aladu na Afirka. Ba ta kama mutum ko kaɗan, amma ba ta da magani, kuma nau'inta mai zafi yakan kashe kusan duk aladen da ya kama cikin mako ɗaya ko biyu. Tun muna makaranta muka haddace sunayen hukumomin duniya da ke yaƙi da ita. Sai dai ban san yadda aikin yake a zahiri ba sai da na bi rahoto guda tun daga mushen farko har zuwa takardar ƙarshe.

Labarin bai zo mana daga bakin masu aladun ba. Wani ma'aikacinmu na karkara ne ya lura cewa dillalai sun yawaita a wani yanki, ana loda aladu cikin dare, kuma masu su suna sayarwa ko ciniki ba sa tsayawa yi. Makiyayi ba ya rabuwa da dabbarsa haka kawai. Da ya bincika sai ya ji an yi kwanaki ana binne mushe a bayan gidaje.

Mun bar mota nesa da gidajen, muka sa rigunan kariya da takalman roba, muka taka da ƙafa. Gidan farko da aka yarda aka buɗe mana na wata tsohuwa ne. Ta tsaya a ƙofar garken, ta ce, "Likita, in na bari ka gani, me za ku yi musu?"

Na ce, "Mama, bari in fara dubawa. Abin da na gani zan faɗa miki, ba zan ɓoye miki komai ba."

Aladun suna kwance sun cunkushe a lungu guda, abinci na gabansu ba su taɓa ba. Kunnuwansu da cikinsu sun yi ja har suna komawa shuɗi-shuɗi. Na auna zafin jikin ɗaya, ya haura digiri 41. Da muka feɗe wanda ya mutu da asuba, saifarsa ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, ƙodarsa duk ɗigo-ɗigon jini, kaluluwar cikinsa kuwa ta rine da jini. A raina na riga na san abin da nake gani, amma ido ba ya yanke hukunci a wannan cuta. Akwai wani zazzaɓin aladun daban, wanda ƙwayar cutarsa ba ta da dangantaka da wannan, kuma yana da rigakafi mai kyau, amma alamunsu sun yi kama ƙwarai. Ɗakin gwaje-gwaje ne kaɗai ke raba su. Muka ɗebi jini daga masu rai, muka yanki saifa da ƙoda da kaluluwa daga mushen, muka sa a kula da ƙanƙara. Daga wani mushen da ya riga ya ruɓe muka ɗauki ƙashin cinya, domin ƙwayar cutar takan daɗe a cikin ɓargo bayan duk naman ya lalace.

Kafin mu fita muka wanke takalma da maganin kashe ƙwayoyin cuta, muka ƙone rigunan. Ranar ba mu shiga wani garke ba. Likitan da ya fita daga garke mai cuta ya faɗa wani, shi da kansa ya zama mai raba ta.

Daga nan sai tambayoyi. Ƙa'idar duniya ta ɗauki kwana 15 a matsayin lokacin da cutar kan ɓuya a jikin alade kafin ta bayyana, don haka dole mu koma baya aƙalla haka daga ranar da na farko ya kwanta. Wa ya shigo garken? An sayo sabon alade? An aro namiji don barbara? Motar wa ta zo? Me suke ci? A tambayar ƙarshe tsohuwar ta ce jikanta yakan kwaso ragowar abinci daga wani wurin sayar da abinci a bakin babbar hanya, inda direbobin manyan motoci masu ƙetare iyaka suke tsayawa. Na ce ana tafasawa kafin a ba su? Ta ce a'a.

Wannan amsar ba ta ba ni mamaki ba, domin kusan duk tarihin cutar a wajen Afirka da ragowar abinci ya fara. A Kenya aka fara bayyana ta a rubuce a 1921, a aikin wani likitan dabbobi mai suna Montgomery. Asalinta tana zagayawa ne tsakanin gadu da wata irin kaska mai laushin jiki da ke zama a raminsa, kuma gadun ba ya ko ciwo. A 1957 ta ɓulla a Fotugal, kusa da Lisbon, ta hanyar ragowar abincin jirgin sama da aka ba aladu. Ta sake dawowa a 1960, ta zauna a Fotugal da Sifaniya har cikin shekarun 1990. A 2007 ta sauka a Jojiya ta yankin tashar jiragen ruwa ta Poti da ke bakin Baƙin Teku, kuma sharar abincin jiragen ruwa aka fi zargi. Daga can ta shiga Rasha, ta kai ƙasashen Tarayyar Turai a 2014, ta isa Sin a watan Agustan 2018, ƙasar da a lokacin take da kusan rabin aladun duniya. Ƙwayar cutar tana yin watanni a naman da aka busar ko aka sa wa gishiri, tana yin shekaru a daskararren nama. Guntun nama a cikin jakar matafiyi yana yin tafiyar da babu aladen da zai iya yi. Shi ya sa Tarayyar Turai ta haramta ba aladu ragowar abinci gaba ɗaya, ƙa'idar duniya kuma ta ce wanda zai bayar sai ya tafasa shi a digiri 90 na tsawon awa guda yana juyawa.

Gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar kanta a cikin samfur, a babban ɗakin gwaje-gwajenmu bai ɗauki lokaci ba. Ya tabbatar da abin da muke tsoro.

Abin da ya ci mana rai shi ne aika samfur waje. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya, WOAH, tana da ɗakunan gwaje-gwaje da ta amince da su kan wannan cuta, irin su cibiyar Pirbright a Birtaniya da Onderstepoort a Afirka ta Kudu, Tarayyar Turai kuma tana da nata kusa da Madrid. Su ne ke tabbatar da sakamako, su kuma gano dangin ƙwayar cutar. An san dangi 24, kuma wanda ya fita daga Jojiya ya mamaye Turai da Asiya shi ne na biyu. Sanin dangin yana taimakawa wajen gane ko cutar tsohuwa ce da ta farfaɗo ko baƙuwa ce daga nesa. Amma kafin samfur ya tashi sai an samu takardar izinin shiga daga ƙasar da za ta karɓa, da ta fita daga tamu, sai an naɗe shi rufi uku, kwalba cikin kwalba cikin kwali, da lamba ta musamman ta kayan da ke ɗauke da cuta. Wani kamfanin jirgi ya ƙi ɗauka bayan mun gama komai, muka koma neman wani, muna ta sauya ƙanƙara. A nan na gane amfanin ofishin FAO, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Jami'arsu ta san kamfanin da ke irin wannan jigila, kuma ofishinsu ya ɗauki nauyin kuɗin. Ba abu ne da ake bugawa a jarida ba, amma a ganina yana cikin taimako mafi amfani da ƙasa mai ƙaramin ƙarfi ke samu.

Ba a jiran amsar waje kafin a sanar da duniya. Kowace ƙasa da ke cikin WOAH ta ɗauki alkawarin kai rahoto cikin awa 24 da tabbatar da ɓullar irin wannan cuta a inda babu ita a da. Wakilin ƙasa ne ke sa hannu, wanda galibi shi ne babban likitan dabbobi na ƙasar. Ni aka ba aikin shirya bayanan, don haka ina cikin ɗakin da aka yi zaman.

Wani babba daga ɓangaren kasuwanci ya ce a ɗan jinkirta. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce da zarar rahoton ya fita maƙwabta za su rufe iyaka, masu saye daga waje za su janye, manyan gonakin da ba su san hawa ba ba su san sauka ba za su yi asara. Kowa a ɗakin ya san abin da ya sami Jamus a watan Satumban 2020: an samu cutar a mushen aladen daji guda a jihar Brandenburg kusa da iyakar Folan, kuma cikin 'yan kwanaki Sin da Koriya ta Kudu da Japan suka daina sayen naman alade daga Jamus baki ɗayanta, alhali ba a samu ko alade ɗaya na gona da ya kamu ba a lokacin.

Daraktanmu ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Aladun nan an riga an sayar da wasu, sun bi hanya. In maƙwabta suka gano da kansu, ba za su ƙara yarda da wata takarda da muka sa wa hannu ba, ko ta shanu ko ta kaji."

Da yamma muka shiga WAHIS, shafin intanet ɗin da hukumar WOAH ke karɓar rahotanni a hedikwatarta da ke Paris. Fom ɗin ba ya son dogon zance: ranar da abin ya fara, ranar da aka tabbatar, wurin a taswira, aladu nawa ke garken, nawa suka kamu, nawa suka mutu, wane gwaji aka yi, a wane ɗaki, me ake zargi, wane mataki aka ɗauka. Da aka aika, bayan ɗan lokaci garken tsohuwar nan ya zama ɗigo a taswirar da kowa a duniya zai iya buɗewa.

Wanda bai taɓa kiwon alade ba yana iya cewa ina ruwansa. Amma wannan tsarin kai rahoto shi ne ke tsaron shanu da tumaki da kaji ma. An kafa hukumar ce a 1924, da sunan OIE, bayan ciwon bushiya ya ɓulla a Beljiyam a 1920 ta hanyar shanun da aka biyo da su tashar Antwerp. Da irin wannan haɗin kai aka kai ga ayyana kawar da bushiya daga doron ƙasa a 2011. Ƙasar da ta saba ɓoye cutar aladu, ranar da murar tsuntsaye ta zo haka za ta yi.

Washegari daraktanmu ya kira takwaransa na ƙasar da ke maƙwabtaka da yankin, ya gaya masa hanyar da muke zaton motocin dillalai sun bi. Sun san juna ne daga tarukan ƙwararru da FAO da WOAH suke shiryawa a ƙarƙashin wani shirin haɗin gwiwa kan cututtukan dabbobi masu ƙetare iyaka, wanda suka kafa a 2004, kuma a ƙarƙashinsa ne suka ƙaddamar da yunƙurin duniya na shawo kan wannan zazzaɓi a 2020. A da ina ganin waɗannan taruka ɓata kuɗi ne. Ranar na ga mutum biyu da suka taɓa zama teburi guda suna gaya wa juna gaskiya a waya ba tare da jiran wasiƙa ta ma'aikatar harkokin waje ba. Sun rufe iyakar ga aladu duk da haka, kuma da ni ne a kujerarsu haka zan yi.

Muka shata yankuna a kan tsarin da Tarayyar Turai ke bi: kilomita 3 kewaye da garken da ya kamu, inda ba shiga ba fita, sai kilomita 10 na sa ido. Amfanin shatawar ya wuce tsare cuta. Ita ce hujjar da ƙasa ke riƙewa ta ce wa abokan cinikinta cutar tana nan, sauran ƙasar kuwa lafiya, ku ci gaba da saye daga can. Wasu suna yarda, wasu ba sa yarda, kuma yardar tana bin yadda suka san ka da faɗin gaskiya.

Sai kashe aladu. Wannan shi ne wurin da ya fi min nauyi, kuma shi ne wurin da na ga tsarin duka yana iya rushewa. Ƙa'ida ita ce duk aladen da ke garken da ya kamu a kashe shi, mai ciwo da mai lafiya, a binne a rami mai zurfi ko a ƙone. Na koma wurin tsohuwar kamar yadda na yi alkawari. Akwai wata uwar aladu a wani ɗaki daban da ke cin abincinta lafiya lau. Ta nuna ta, ta ce, "Likita, wannan fa? Da ita nake biyan kuɗin makarantar yaran nan."

Na ce, "Mama, har ita. Ko mun bar ta, da wuya ta kai mako biyu, kuma kafin ta mutu za ta kashe na maƙwabta."

Ta yi shiru. Can ta ce, "To wa zai biya ni?"

Na ce an rubuta sunanta, za a biya diyya. Na faɗa ne da gaskiyar zuciyata, domin haka aka gaya mana. Amma babu wani asusu da aka ware tun da farko, sai da aka bi ofis-ofis ana neman sa hannu, kuɗin suka yi watanni ba su fito ba. Cikin wannan jiran labari ya zaga cewa duk wanda ya buɗe wa likitoci ƙofa ya rasa komai. Daga nan ƙofofi suka rufe. Mukan je gida mu tarar da garke wayam, an share, amma warin aladu na nan. An fitar da su da dare ta hanyoyin gona, inda babu shingenmu. Garke biyu da suka kamu daga baya a wajen da'irar da muka shata, da muka bi sawu, daga irin wannan gudun suka samo ta.

Ban ga laifin mutanen ba. Abin da babban nan na kasuwanci ya ji tsoro a ɗakin taro shi ne abin da su ma suke tsoro a bakin garke: wanda ya faɗi gaskiya shi ke fara asara. Bambancin kawai shi ne ƙasa tana da dokar shata yanki da za ta rage mata zafi, mai alade biyar kuwa ba shi da komai sai diyya. In diyya ba ta zo da wuri ba, duk ɗakunan gwajin nan da taswirar Paris suna aiki ne a kan labarin da ya riga ya tsufa.

Duniya ta taɓa ganin wannan a babban sikeli. Bayan cutar ta shiga Jamhuriyar Dominika a 1978 ta kuma ƙetara Haiti, an kashe aladun tsibirin da ƙasashen biyu suke kai gaba ɗaya a farkon shekarun 1980, da tallafin ƙasashen waje ciki har da Amurka. Cutar ta tafi. Amma baƙin aladen gargajiya na Haiti shi ne asusun talakan ƙauye, kuma waɗanda aka kawo a madadinsu suna buƙatar abinci da ɗaki da talakan ba ya iya samarwa. A 2021 cutar ta dawo ƙasashen biyu, kuma tsofaffi ba su manta da abin da ya faru ba. Duk ƙwararren da zai je ya ce su kai rahoto, da wannan tarihin zai fara yin magana.

An yi nasara a wasu wurare, kuma yana da kyau a faɗa. Jamhuriyar Cek ta samu cutar a aladun daji a 2017, Beljiyam a 2018. Sun kewaye dazukan da shinge, sun tura mutane neman mushe suna kwashewa, sun rage aladun daji a hankali daga waje zuwa ciki, kuma dukansu biyu sun kawar da ita, Cek a 2019, Beljiyam a 2020. Denmak ta gina shinge na kusan kilomita 70 a iyakarta da Jamus. Amma waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi, kuma cutarsu a daji take, ba a bayan ɗakin talaka ba. Biyetnam, inda yawancin aladu suke hannun ƙananan makiyaya, ta kashe kusan miliyan 6 a 2019 kaɗai.

Tambayar da aka fi yi mana ita ce ta allura. Mutane sun ji a rediyo cewa an samu rigakafi. Gaskiya ne Biyetnam ta amince da sayar da rigakafi iri biyu a 2023, waɗanda aka yi da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana. Amma a shekarar WOAH ta gargaɗi ƙasashe kan amfani da rigakafin da bai cika ƙa'ida ba, domin ƙwayar da ba a raunana da kyau ba tana iya zama cuta mai jan jiki, wadda ba ta kashewa da sauri, tana yaɗuwa ba a gane ta ba. Wani makiyayi ya nuna min kwalba marar takarda da wani ya sayar masa da sunan rigakafi. Na roƙe shi kada ya buɗe ta, na karɓa na kai ɗakin gwaji.

Sauran aikin haƙuri ne. Aka kankare ɗakunan, aka ƙone katako da buhunan da ba sa wankuwa, aka wanke da sabulu kafin a fesa magani, domin magani ba ya ratsa kashi da datti. Muka duba tsagogin bango ko akwai kaskar nan mai laushi, wadda ke iya riƙe cutar shekaru, ba mu samu ba. Kowane mako muna aika rahoton ci gaba zuwa Paris, ko da abin da za mu rubuta shi ne babu sabon abu. Bayan garkunan sun zauna babu kowa na wani lokaci, aka sa 'yan aladu kaɗan na gwaji, muna auna zafin jikinsu muna ɗibar jini. Ƙa'ida ta ba ƙasa damar sake ayyana kanta a matsayin marar cutar bayan wata 3 da tsabtace garke na ƙarshe, in an kashe duk waɗanda suka kamu, kuma an yi sa ido. In ba haka ba sai aƙalla wata 12. A wannan cuta hukumar ba ta ba da shaidar kanta. Ƙasa ce ke rubuta bayani da hujjojinta, hukumar ta wallafa, kowace abokiyar ciniki ta karanta ta yanke shawara.

Diyyar ta fito daga baya, kuma ni na nemi a bar ni in kai wa tsohuwar takardarta. Ta karɓa, ta yi godiya, amma ta ce ita ta gama da kiwon alade. A rahoton da na rubuta wa darakta bayan an janye shingaye, shawara ta farko da na sa ita ce a ware asusun diyya tun babu cuta, a kuma rubuta cikin doka kwanakin da ba za a wuce ba kafin a biya. Ya sa hannu ya tura gaba. Ɗaya daga cikin maƙwabtanmu ta buɗe iyakarta jim kaɗan bayan an wallafa bayaninmu, ɗayar kuma ta ce sai ta turo nata likitocin sun duba mayankanmu da takardun gwajinmu, kuma ni aka sa in shirya musu ziyarar.